Ni nake tuƙi ranar da aminina ya rasu, maganar bel ta hana ni barci

Na Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abin, sai in fara in goge, yau dai nace bari in daure ko Allah zai sa a samu wanda zai faɗa min abin da zan riƙe, don a gida kowa haƙuri yake bani kuma ni ba haƙurin na rasa ba, tambaya ce take cina.

Yau kwana 52 da rasuwar aminina, tun makarantar allo muke tare, layinmu ɗaya, ni na yi masa babban aboki da ya yi aure. Ranar wata Asabar muka tashi daga Kano za mu Zariya ɗaurin auren wani abokin karatunmu, ni nake jan motar, shi yana gefena a gaba, ƙanin matarsa yana baya. Ɗaurin aure ƙarfe 11 ne mu kuma ba mu bar Na'ibawa ba sai wajen tara da rabi, to na taka mota, ba zan yi ƙarya ba allura tana tsakanin 120 da 130.

Ni dama ina ɗaura bel, ba wai don na san wani abu a kai ba, tun wata rana da 'yan rodi sefti suka tsayar da ni na saba har ya zame min jiki. Shi kuma ranar ya sha farar shadda sabuwa dal, daren Juma'a ya karɓo ta daga wajen tela. Muna hawa titi motar ta fara wannan ƙarar tin tin tin, sai ya ja bel ɗin ta bayansa ya maƙala don ta yi shiru ya jingina a kai. Nace malam ɗaura mana da gaske, yace so kake in isa wajen ɗaurin aure da layin datti a ƙirji, bel ɗin motar nan taka yaushe rabon da ya ga ruwa. Muka yi dariya. Sau ɗaya na faɗa, ban ƙara ba.

Mun wuce Kura, mun ɗan gota Kwanar Ɗangora sai tayar baya ta fashe. Abin da na tuna ƙara kaman bindiga, na danna birki iya ƙarfina, motar ta juya, daga nan ƙasa ta koma sama. Mutanen da suka zo sun ce sau uku ta yi adungure. Da ta tsaya ina rataye kai a ƙasa bel ya riƙe ni, na waiga gefena babu kowa a kujerar, bel ɗinsa yana nan a maƙale yadda ya sa shi, hularsa tana kan rufin motar da ya koma ƙasa. Shi can cikin gona aka same shi. Yana numfashi lokacin da muka sa shi a wata a-kori-kura, kansa a cinyata ina ta masa kalmar shahada, kafin mu kai asibiti ya cika. Ni abin da na samu shatin bel ne daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya yi baƙi ƙirin, sati uku ina ganinsa duk sanda zan yi wanka. Yaron da ke baya shi ma bai ɗaura bel ba, ya karye a hannu da haƙarƙari, yana samun sauƙi.

Ranar sadakar uku mahaifiyarsa ta aika aka kira ni cikin gida, tace ɗana kar ka sa wa ranka komai, kwanansa ne ya ƙare, mun yafe duniya da lahira. Wlh da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ya bar mata da yara biyu, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba.

A wajen zaman makoki na ce wa wani kawunsa da ya ɗaura bel da ƙila yana nan, sai ya daka min tsawa yace in yi istigfari, ko da sarƙa aka ɗaure shi ranar sai ya tafi. Na yi shiru amma zuciyata ba ta yi shiru ba, don ni da shi mota ɗaya, gudu ɗaya, adungure ɗaya, bambancinmu bel kawai. Dan Allah masu ilimi, in na yi wannan tunanin ina ja da ƙaddara ne? Kuma akwai wani hakki a kaina tunda ni ke tuƙi? Sannan waɗanda irin haka ta taɓa samu, yaya kuka yi barci ya dawo muku, ni da na rufe ido kujerar nan nake gani.

Almajirin Malam:

Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa ya raya abin da ya bari, kai kuma Allah ya sanyaya maka.

Ɗan uwa ni ba mai fatawa ba ne, ɗan abin da na ji a gaban malamai zan faɗa. Kawun nan yana da gaskiya ta wani ɓangare, ajali in ya zo ba a ƙara daƙiƙa ba a ragewa, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim inda Annabi (SAW) yace in wani abu ya same ka kar ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata, domin kalmar "da" tana buɗe aikin shaiɗan. To wannan maganin naka ne a kan abin da ya riga ya wuce, don kar ka zauna kana yanka kanka da wuƙar da-na-sani har ta kai ka inda ba a so.

Amma abin da ya wuce daban, abin da ke gaba daban, kuma nan ne mutanenmu suke cakuɗa abu biyu. Shi wannan hadisin da farkonsa ai cewa aka yi ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gajiya. Kuma mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce masa aka yi ɗaure ta sannan ka yi tawakkali, Tirmizi ya ruwaito. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da mutanensa, da aka ce gudun ƙaddarar Allah kake yace muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. To bel sababi ne kaman magani, kaman kulle ƙofa da dare, wanda ya ce yana hana rauni bai yi saɓo ba. Ka ce abokina ajalinsa ne ya zo, ka kuma ce wa na raye su ɗaura bel, duka biyun a baki ɗaya suke zama lafiya.

Maganar hakki kuma ba zan ɓoye maka ba tunda ka tambaya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar kisan kuskure, akwai diyya sai in dangi sun yafe, akwai kuma kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba. Malamai da yawa suna cewa in direba ya yi sakaci ko ya wuce gudun da aka ƙayyade to hukuncin ya hau kansa, kuma yafiyar dangi diyya take saukewa ba kaffara ba. Ka samu malamin da ka yarda da shi ka zauna gabansa ka faɗa masa komai har gudun da kake yi, kar ka rage. Kuka kuma ka yi abinka, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Direban Sharon:

Allah ya jiƙan musulmi. Yaro, ni na shekara 19 ina lodi a hanyar Kano zuwa Kaduna, kafin nan na yi Maiduguri, babu kalar haɗarin da idona bai gani ba. Gaskiya ni bel ɗin nan ban gama yarda da shi ba, na taɓa ganin mota ta kama da wuta mutum yana ciki ana ta fama a ciro shi, tun ranar nake tsoron abin da zai ɗaure ni. Kuma kai da bakinka ka ce yaron baya bai ɗaura ba ga shi ya rayu. Mu a motar haya ma wane bel, mutum biyu a gaba huɗu a tsakiya, wa zai ɗaura wa zai bari, ba na ɓoyewa sai mun hango masu hula muke ja mu ɗora a kafaɗa.

Ni abin da na gani a labarinka taya ce da birki. In taya ta fashe kana gudu ba a taka birki, shi ne yake wuntsila mota, ka riƙe sitiyari da hannu biyu gam ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali ka bar ta ta rage gudu da kanta sannan ka gangara gefe. Ba laifinka nake gani ba, kowa ƙafarsa birki take nema in ya firgita, ni ma sai da ta faru da ni sau biyu na koya. Don masu karantawa na faɗa.

Maman Ummi:

Allah ya gafarta masa ya ba ku haƙuri. Baba direba ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka, da girmanka. Ni nas ce, shekara 11 ina ɗakin haɗari da gaggawa, mu ake kawo wa mutanen bayan kun gan su a titi. Mota ta kama da wuta yana faruwa amma jefi jefi ne in ka haɗa da waɗanda mota take jefarwa waje ko kansu ya daki gilashi, waɗannan kusan kullum ne musamman lokacin bukukuwan Sallah da ƙarshen shekara. Kuma ko wutar ce, wanda bel ya riƙe bai buga kai ya suma ba shi ne zai iya danna maɓalli ya fita da ƙafarsa, wanda ya suma fa? Mu da an shigo da mutum muka ga shatin nan a ƙirji mun san yawanci da sauran magana, wanda aka ce an tsinto shi nesa da mota kuwa tun kafin likita ya zo jikinmu yake sanyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ta fi ko'ina yawan mutuwar in aka auna da yawan jama'a. Ita ce kuma tace bel yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota har kusan da rabi. Rabi fa. Yaron baya Allah ne ya yi da sauran kwanansa, amma na baya da bai ɗaura ba ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba, in aka yi karo jikinsa gaba ɗaya yake tahowa ya daki na gabansa.

Abin da ya fi ƙona min rai yara ne. Uwa a gaba jariri a cinya, ko yaro a tsaye tsakanin kujeru yana riƙe da kafaɗar babansa, tana ganin ta rungume shi, wlh babu hannun da zai iya riƙe yaro in mota ta tsaya farat ɗaya tana gudu. Yara baya ake sa su a ɗaure. Masu ciki ma su ɗaura, na ƙasan ya bi ƙarƙashin cikin a kan ƙugu, na saman ya bi tsakiyar ƙirji, kar dai ya hau kan cikin. Sannan kowa ya ajiye 122 a wayarsa, lambar gaggawa ce ta hukumar kiyaye haɗurra, kuma in za a ɗaga wanda ya ji rauni a kula da wuyansa kar a bari kai yana lilo.

Kai kuma ƙanina, wannan ganin kujerar da kake in ka rufe ido da rashin barcin, muna ganinsa sosai a wajen waɗanda suka tsira daga haɗari, ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka san shi kuma ana samun sauƙi. Ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba. Tunda ya wuce wata ɗaya yana nan ka je asibiti ka ce kana son ganin likitan ɓangaren, ka ci gaba da addu'o'inka tare da shi. Dan Allah kar ka fara sayen maganin barci a kemis da kanka.

Bakanike Ƙofar Ruwa:

Allah ya sa ya huta. Sista ta gama magana, ni ta wajen ƙarfe zan ƙara. Mutum yana ganin yana zaune lafiya a kujera, ya manta jikinsa ma gudun motar yake yi, in mota ta tsaya shi bai tsaya ba. Karo a gudun 50 kaman faɗowa ne daga tsayin mita 10, a gudun 100 kuwa kusan mita 40 ne, ninki huɗu ba biyu ba, to wa zai dafe dashbod da hannu ya tare wannan. Balan-balan ɗin sitiyari ma da mutane ke taƙama da shi an yi shi ne ya yi aiki tare da bel, in babu bel shi kansa yana iya ji maka ciwo don da ƙarfin gaske yake fitowa.

Wannan bel mai bi ta kafaɗa da ƙugu wani injiniyan kamfanin Volvo ne a ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro shi a 1959, kuma kamfanin ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da shi kyauta saboda ganin rayukan da zai ceta. Mu nan sai 2003 aka fara tilasta ɗaurawa, har yau kallon dokar 'yan rodi sefti muke masa. Abin da abokinka ya yi Allah ya jiƙansa ba shi kaɗai ba ne, motoci nawa ake kawo min gareji bel a maƙale ta bayan kujera ya yi wata da watanni a haka, wasu har ɗan ƙarfen suke saya su cusa a ramin don ƙarar ta mutu. Kuma maganar datti gaskiya ce, ƙurarmu tana kama shi, amma ruwan ɗumi da sabulu da buroshi sun isa, ka jawo shi duka ka wanke ka bar shi ya bushe kafin ka sake shi. In kana son sanin naka yana aiki ka fizge shi da ƙarfi, in ya cije lafiya, in ya biyo ka ko ya tsattsage a gefe a canza, haka wanda aka taɓa yin babban haɗari da shi.

Taya kuma baba direba ya yi gaskiya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 'Yan gwanjon nan wata zanenta yana nan raɗau amma robar ta tsufa ta bushe, ga zafin kwalta ga gudu.

Hajiyar Tudun Wada:

Ɗana zo in faɗa maka abin da su ba su faɗa ba. Shekara 9 ke nan da maigidana ya rasu a hanyar Potiskum, abokinsa ke tuƙi shi ma ya fita da ƙananan raunuka. Mun yafe masa tun ranar, har ga Allah ban taɓa riƙe shi a raina ba. Amma bayan sadakar arba'in ƙafarsa ta ɗauke daga gidanmu, in ya hango yarana a hanya sai ya canza layi, na san kunya ce da nauyi amma wlh wannan ya fi min ciwo, don yaran sun rasa uba sun kuma rasa mutumin da ya fi kowa sanin ubansu, wanda zai ce musu babanku kaza yake yi, kaza yake so.

Kar ka yi haka. Ka je ka gaida mahaifiyarsa ko zama kawai za ka yi ka kasa magana, ita ma in ta gan ka ɗanta take gani. Matarsa tana takaba, ka aika matarka ko 'yar uwarka ta riƙa leƙa ta, ka tambayi kuɗin makarantar babban, ka bincika ko akwai bashi a kansa a kasuwa ka taya a sauke. Ba sai kana da yawa ba. Barci kuma zai dawo, ni sai da na shekara ina farkawa ƙarfe uku ina jiran ƙarar motarsa a ƙofar gida, in na farka sai in yi alwala in yi raka'a biyu in roƙa masa gafara.

Na Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta duka wasu sau uku. Hajiya kaman kin gan ni, tun bayan arba'in ban taka gidan ba, ta bayan layi nake zagayawa in je masallaci. Jiya bayan la'asar na je. Mama tana tsakar gida tana tsince shinkafa, da ta gan ni ta ajiye faranti tace sai yau, na durƙusa na kasa cewa komai. Babban yaron ɗan shekara 5 ya zo ya hau cinyata yana tambaya ina motata.

Na samu limamin unguwarmu na faɗa masa komai har 130 ɗin, yace in yi kaffara, in sha Allahu Litinin zan fara. Malam bakanike na je inda aka ajiye motar na duba tayar da ta fashe, 3713 aka rubuta, ni kuma bara na saye ta mai shagon yana ce min kaman sabuwa. Sauran ukun ban iya tsayawa dubawa ba, bel ɗinsa har yanzu yana maƙale a kujerar. Sista zan je asibitin ranar Alhamis, yayana yace zai raka ni, don har yau ban iya zama gaban mota ba, Keke nake hawa.

Dan Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.